Halittu Masu Sassa Mabambanta Adadi

Darasinmu na wannan fitowa kalma ce ta ilmin halittu, watau Hetaromera. Asalinta daga harshen Girkanci ne, ma'anarta kuwa "sassa mabambanta". Ana faɗinta ga halittar da sassanta ba su zo da adadi ɗaya ba.

Alal misali, ka tsinko furen wake ka buɗe shi a hankali. Koren kwanson da ke riƙe da shi haƙora 5 gare shi, ganyen furen ma 5. Amma siraran zaren da ke ɗauke da garin barbara 10 ne, uwar da za ta zama kwanson wake kuwa 1 tak. Ka ga lissafi ya saɓa. Da duk sun zo biyar-biyar, da sunan bai hau kansa ba.

Misali na biyu, hangara, ƙwaron nan da ke cinye furen wake da na gero. Ƙafafunta 6, kuma ƙarshen kowace ƙafa ya kasu ƙananan gaɓoɓi. Na gaba biyu gaɓoɓi biyar-biyar, na tsakiya ma haka, amma na baya huɗu-huɗu. Masana suna rubuta shi 5-5-4. Da wannan ƙidaya suke raba danginta da wasu ƙwari masu 5-5-5. Ɗan jan ƙwaron da ke shiga garin tuwo shi ma 5-5-4 ne, sai dai shi ba ya ƙona fata.

To, a nan sai a yi hattara. Kada wani yaro ya ce zai kama hangara da hannu don ya ƙidaya. Idan aka taɓa ta, takan fitar da ruwa ta gaɓoɓin ƙafafunta, mai dafi da ake kira kantaridin, wanda ke sa fata ta yi bororo. In ta sauka a jikinka, hure ta, kada ka murtsuke. In ruwan ya taɓa ka, wanke da sabulu maza-maza, kuma kada hannun ya kai ido. Iyaye kuma a riƙa duba harawa, domin doki kan mutu in ya ci su da yawa a ciki.

Mai son ƙidaya, ga furen wake nan, ba ya cizo.