Fenti Ne Ya Zube?

A falon wani abokina a Gidan Dare, nan cikin Sakkwato, akwai wani zane rataye a bango wanda girmansa bai wuce dardumar sallah ba. Ƙanensa ne ya yi shi lokacin da yake karatun zane a Zariya. Babu mutum a ciki, babu doki, babu masallaci. Daga ƙasa ja ne mai duhu, samansa wani fari-fari mai ƙura, sai siririn kore da ya ratsa tsakiya ya ɓace tun bai kai gefe ba. Ranar wani suna kawun maigidan, dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, ya tsaya gabansa ya jima, sannan ya juyo ya ce, "Kai, wanga fenti na yaz zube, ko ba a ƙare aikin ba?"

Aka bushe da dariya. Ni kuwa rigar da ke jikinsa nake kallo. Babbar riga ce mai aska takwas, an yi mata tambari a ƙirji. Tun yana saurayi yake sa irinta, bai taɓa tsare maɗinki ya ce ina askar take ba, don kowa ya san dogayen tsinayen nan ba su yi kama da askar wanzami ba, tambarin ma ba ya kaɗuwa. Da zai je kasuwa sayen wata, kallo ɗaya zai yi ya ce wannan aikin ya zauna, wancan an yi ha'inci. Wato idon da ya ce bai gane zanen bango ba, shi ne ya shekara hamsin yana yanke hukunci a kan zane marar sura.

Abin da ake nufi da zane marar sura shi ne wanda mai shi bai ɗauki nauyin kwaikwayon kamannin wani abu ba. Da launi da layi da fili yake aiki, yadda makaɗin kalangu ke aiki da sauti. Turawa suna lissafa farkonsa a wajensu daga wajen 1910, da mutane irin su Wassily Kandinsky ɗan Rasha. Tafiya kuwa ta taka rawa a ciki tun da wuri. A watan Afrilun 1914 Paul Klee ya je Tunisiya da abokansa biyu, ya yi kamar mako biyu yana zagaya Tunis da Ƙairawan. Zane-zanen da ya yi can cike suke da ƙananan murabba'ai masu launi, waɗanda in ka ƙura ido za ka hango katanga da ƙubba da hasken rana sun narke a cikinsu. Ƙairawan ɗin nan ba baƙuwarmu ba ce, garin mai Risala ne, littafin da ake karantawa a zaurukanmu. Bature ya je ya ɗebo daga bangon Musulmi, mu kuma muka karɓi abin a matsayin sabon ilmin Turawa.

Alhali gidanmu cike yake da shi. Malamai sun daɗe suna ƙyamar surar abu mai rai, saboda haka hannun mai fasaha a ƙasar Hausa ya karkata ga ƙulli da zobe da layi, ya kuma gwanance. Shiga shiyar Madunka ka zauna wajen baduku. Fatar jan akuyan Sakkwato ce a gabansa, wadda majema suka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, irin wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko don ta can take isa gare su. Dubi yadda yake feɗe saman fatar da wuƙa don farin da ke ciki ya bayyana, ya jera baƙi kusa da ja, ya bar wani wuri fayau babu komai don ido ya huta. A kan tumtum ɗaya sai ka ga shawarwarin launi da ɗalibin jami'a zai yi zango guda yana koyo. Haka allon zayyana da ake yi wa mai sauka, haka adon da marubuta Alƙur'ani ke sawa a gefen takarda wajen hizifi da rubu'i, haka sassaƙar ƙwarya, haka dagin da magina ke fitarwa a fuskar zaure a Zariya da Kano da Birnin Damagaram.

Sai dai kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Aikin baduku da na mai zanen zamani ba abu ɗaya ba ne. Baduku gado yake riƙe da shi: ya tarar da dagi, zai bar dagi, gwanintarsa tana cikin tsabtar hannu da ɗan abin da ya ƙara. Mai zanen zamani kuwa ana jiran ya faɗi abin da shi kaɗai ya gani. Tambayar yadda za a haɗa biyun ita ce ta tayar da ƙura a Zariya a 1958, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce ba su yarda a koya musu zane kamar a Landan suke ba. Za su karɓi kayan aiki da dabarun Bature, amma abin da za su zuba a ciki daga gida zai fito. Okeke ya koma ga uli, adon da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Jimo Akolo, wanda ya yi zamani da su kuma ya daɗe yana koyarwa a jami'ar, ya ɗebo daga adon gine-ginen Hausa. Daga baya Gani Odutokun, malami a sashen zane na jami'ar, ya riƙa tsinka fenti ya kwarara shi a kan ƙyalle, ya bar shi ya gangara, sannan ya bi shi ya sarrafa. Ya rasu a haɗarin mota a 1995. Da kawu ya ga aikinsa, tambayarsa da ta yi rabin daidai: fentin ya zube, amma da gangan, kuma akwai mai tsaye a kansa.

Wanda labarinsa ya fi kama da namu, a ganina, shi ne Ibrahim El-Salahi na Sudan. An haife shi a Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo. Ya yi karatun zane a Landan, ya dawo gida ya baje kolin aikinsa, mutanen garinsu suka ƙi zuwa kallo. Bai zage su da jahilci ba. Ya koma ya duba abin da suke ratayewa a ɗakunansu, ya tarar rubutun Larabci ne da adon kayan saƙa. Sai ya kama haruffa yana miƙe su yana karya su har suka bar karantuwa suka zama siffofi, ya kuma rungumi launin ƙasar Sudan. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya shirya baje kolin ayyukansa na tsawon rayuwa.

To yaya gari ke shiga zane ba tare da an zana garin ba? Duk wanda ya taɓa yin wata uku a Legas ko Makka ya san abin da yake kewa ba hoton ƙofar Sarkin Musulmi ba ne. Hasken la'asar ne a kan jar katanga, da hazon hunturu da ke mayar da rana kamar farin faranti, da koren albasa da shinkafa a fadamar Kwalkwalawa lokacin da tudu duk ya bushe. Waɗannan ba su da fuska, launi ne da nauyi da zafi. Shi ya sa masu irin wannan zane suka fi ganin garinsu bayan sun bar shi. Nisa yana kakkaɓe ƙananan abubuwa ya bar wanda ya kama zuciya.

Akwai 'yan damfara a sana'ar, babu musu, masu watsa fenti su sa farashi. Ba wuya a kama su in ka ba zane lokacin da kake ba shadda kafin ka saya. Tsaya nesa tukuna ka ga inda idonka ya fara sauka da inda ya bi. Matso kusa ka ga ko launi ɗaya ne aka shafa ko hawa-hawa ne, wani na leƙowa ta ƙarƙashin wani. Rufe wani yanki da tafin hannunka: in sauran bai girgiza ba, wannan yankin cikon benci ne. Aikin ƙwarai in ka cire masa abu ɗaya sai ya karkace, kamar rigar da aka manta aska guda.

Abin da ke damuna shi ne bangonmu. A sababbin shiyoyi kamar Gidan Dare bulo ne da siminti da tayil da ƙofar ƙarfe, gida ya yi kama da na kowane gari. Maginan da suka iya yaɓen makuba da fitar da zane a fuskar zaure suna tsufa, 'ya'yansu sun koma wasu sana'o'i. Yaron da ke son zane yau ya fi ganin aikin Amurka a wayarsa a kan na Madunka da ke 'yar tafiyar babur daga gidansu.

Bayan an ci tuwon suna an fara watsewa, na ga kawu ya koma gaban zanen shi kaɗai, hannuwa a baya. Na matsa na ce, "Baba, har yanzu fentin ne?" Bai kalle ni ba. Ya ɗaga sandarsa ya nuna siririn koren nan, ya ce lokacin da yake yaro suna dawowa daga ƙauye da jakuna cikin hazo, haka fadama take fara bayyana daga nesa, kafin a ga garin.