Idan Tama Ta Daskare Cikin Tarago

A jihar Minnesota ta Amurka, jiragen ƙasa ne ke jigilar tama daga ma'adinan Mesabi zuwa tashar ruwa ta Duluth. Da hunturu ya kama, laimar da ke cikin tamar takan zama ƙanƙara, kayan su dunƙule tamkar dutse, ko an buɗe gindin tarago ba su zubowa. Ga jiragen ruwa na jira, ga tafkin Superior na shirin daskarewa.

A dā akan zura bututu ta ramukan jikin tarago, a hura tururi daga tsofaffin kawunan jirgi har ƙanƙarar ta narke. Daga shekarun 1950 aka shiga gasa tama curi-curi. Da yake curin ba ya riƙe ruwa sosai, sai wahalar ta ragu ƙwarai.