MAƘOƘO: ABIN DA MASU MAGANIN INDIYA SUKA GANE TUN DA DAƊEWA

Kowa ya san maƙoƙo, kumburin nan da yake fitowa a gaban wuya, ya fi kama mata. To, can ƙasar Indiya ma sun san shi tun zamanin kakanni. Maganin gargajiyarsu sunansa Ayurbeda, kuma a rubuce yake. Suna kiran maƙoƙo "galaganda", wato kumburin wuya.

Wani babban masaninsu mai suna Sushuruta, wanda ya rayu ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Musulunci, ya raba maƙoƙo gida 3: na iska, na majina, da na kitse. A ganinsu, lafiya ita ce abubuwan cikin jiki su zauna daidai. In ɗaya ya yi yawa, sai ciwo. Daga baya masu maganinsu suka riƙa ba da ɓawon wani icce, kancanara, ɗan'uwan jirgar dajinmu. Suna kuma ƙona kainuwa su ba da tokarta. I, kainuwar nan ta bisa tabki.

Amma ga inda ya burge mu. Littafin Sushuruta ya lura cewa masu shan ruwan kogunan da ke gangarowa daga duwatsun Himalaya su ne maƙoƙo yake damu. Wuri kam ya gane shi. Dalili ne ya ɓuya masa, don a lokacin ba a san iyod ba. Sai a 1811 aka gano shi a Faransa.

Ga yadda abin yake. A gaban maƙogwaro akwai wata ƴar tsoka, likitoci suna ce mata tiroyid. Ita take sarrafa ƙarfin jiki da girman yaro, kuma ba ta aiki sai da iyod. Ruwan sama da ƙanƙara sun wanke iyod daga ƙasar duwatsun nan, don haka babu shi cikin hatsi, babu cikin nono. Tsokar ta yi ta fama, har ta kumbura. Mace mai ciki da ta rasa iyod tana iya haihuwar yaro kurma, ko wanda hankalinsa bai cika ba. Wannan ya fi kumburin muni nesa.

A 1956 likitocin Indiya, cikinsu har da Ramalingasuwami, suka fara gwaji a kwarin Kangara: wasu garuruwa aka ba su gishiri mai iyod, wasu gishirin da suka saba. Bayan shekara 6 maƙoƙo ya ragu ƙwarai inda aka ci mai iyod. A 1962 gwamnatin Indiya ta kafa shirin yaƙi da maƙoƙo a ƙasa baki ɗaya.

Iyod kaɗan jiki yake so, cikin cokalin shayi guda ya ishi mutum har tsufa, amma sai ana samunsa kullum. In za ku sayi gishirin miya, ku tambayi mai iyod, ku ajiye shi a rufe, nesa da rana da laima. Wanda wuyansa ya riga ya kumbura, ko haɗiya take yi masa wuya, ya tafi likita, don ba kowane maƙoƙo ne na rashin iyod ba, wani sai an yi aiki.