Hanyar Tare Wuta: Rigakafin Gobarar Daji

Kowace shekara, daga watan Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da ciyawa ta bushe, iskar hunturu kuma tana busowa daga arewa maso gabas, gobarar daji takan cinye amfanin gona da makiyaya da itatuwa. Sau da yawa mafarinta guntun taba ne, ko wutar mafarauta da masu ɗiban zuma.

Wuta ba ta tafiya sai ta sami abin ci. Saboda haka manomi ya share hanya kewaye da gonarsa da rumbunansa da tarin harawarsa, faɗinta kamar mita 5. A nome ciyawa har a ga ƙasa, a kwashe karmami da busassun ganye. Idan wuta ta iso nan, sai ta rasa abin kamawa ta mutu.

Inda ciyawa take da tsawo, kamar gamba, ko wurin yana kan gangare, a ƙara faɗin ya kai mita 10, domin wuta ta fi sauri in tana hawan tudu, iska kuma takan ɗauki tartsatsi.

A yi wannan aiki da zarar ruwa ya ɗauke, kafin daji ya bushe. A riƙa sake shara har faɗuwar damina. Dagatai da masu unguwanni su kira gayya, gama gobara ba ta san iyakar gona ba. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin daji ko malamin gona na yankinsa.