Gidajen motsa jiki na Curves: suna na kamfani, asara ta mai reshe

A shekarar 1992 ne Gary Heavin da matarsa Diane suka buɗe wani ƙaramin gidan motsa jiki na mata zalla a garin Harlingen na jihar Texas a Amurka, suka raɗa masa suna Curves. Cikin minti 30 mace za ta zagaye na'urorin, ta koma harkokinta. A 1995 suka fara sayar wa jama'a izinin buɗe rassa da wannan suna, kuma zuwa 2006 rassan sun kai wajen 10,000 a duniya.

To amma idan muka duba yarjejeniyar, za mu ga inda gizo ke saƙar. Mai reshe ne ke biyan kuɗin izini, da hayar wuri, da albashin ma'aikata, sannan kowane wata ya aika wa kamfani kasonsa, ko ya ci riba ko bai ci ba.

Da tattalin arziki ya karye a 2008, mata da yawa suka daina zuwa. Ga Planet Fitness a lokacin tana karɓar dala 10 kacal a wata, ga Anytime Fitness a buɗe dare da rana. Dubban rassan Curves suka rufe a Amurka, har wasu masu rassan suka kai kamfanin kotu.

Shi kamfanin ya sami masu saye a 2012, sannan Koshidaka na Japan ya saye shi a 2018. Waɗanda suka zuba ajiyarsu suka buɗe reshe kuwa, da yawa bashi kawai aka bar su da shi.