Yadda Garkuwar Jiki Ke Huda Ƙwayar Cutar Sanƙarau

A duk lokacin da zafin bazara ya tsananta a Digil da ke Mubi ta jihar Adamawa da sauran sassan Arewa, hukumomin lafiya kan yi gargaɗi game da sanƙarau. Mutane da dama na ɗauke da ƙwayar cutar a maƙogwaro ba tare da sun kwanta ba. Ɗaya daga cikin dalilan haka shi ne wani makami da ke yawo a cikin jini.

Makamin rukunin furotin ne fiye da 30 da masana ke kira kwamfliment, waɗanda hanta ce ke samar da akasarinsu. Masanin ƙasar Beljiyam, Jules Bordet, wanda ya bayyana aikinsu, ya samu kyautar Nobel ta 1919.

Idan bakteriya ta shiga jini, furotin ɗin kan tayar da juna bi da bi. Wani ɓangare mai suna C5b kan haɗu da C6 da C7 su manne a fatar ƙwayar, sai C8 ya kafa tsininsa a ciki. Daga nan C9, har guda 18, kan jeru su yi zobe kamar bakin rijiya. Faɗin ramin kusan nanomita 10 ne, wato kashi ɗaya cikin 100,000 na milimita, amma ya isa ya lalata fatar har ƙwayar ta mutu. A 2016 masana a Kwalejin Imperial da ke Landan suka fito da siffar zoben ta hanyar madubin lantarki.

Mutanen da aka haifa da ƙarancin C5 zuwa C9 sun fi saurin kamuwa da sanƙarau, wasu ma fiye da sau ɗaya. Ita ma ƙwayar tana da mayafin sukari da ke kare ta daga hari, shi ya sa take fin ƙarfin masu lafiya a wasu lokuta. Annobar 1996 ta hallaka mutum fiye da 11,000 a Najeriya.

Nan rigakafi ke taka rawa: yana sa jiki ya samar da sinadaran da ke manne wa mayafin, su nuna wa kwamfliment inda zai huda. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar.

Likitoci na shawartar duk wanda ya ji zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ya garzaya asibiti, domin cutar na iya kisa cikin awa 24.