Wa Ke Koya wa Makaɗi Kiɗa?

A shekarar 2002 Malam Maman Barka, wani malamin makaranta ɗan Nijar, ya nufi gaɓar Tafkin Cadi neman wani dattijo mai suna Bukar Tar. Karatu ya je ɗauka. Bukar Tar shi ake ganin ya rage a cikin gwanayen biram, wani abin kiɗa mai tsarkiya biyar da siffar kwalekwale, na Buduma masunta. Matasan yankin sun daina neman koyo, tsohon kuma shekaru sun ja. Barka ba sabon shiga ba ne a kiɗa, don ya riga ya yi suna da gurmi, waƙoƙinsa sun zaga Nijar sun tsallako arewacin Nijeriya. Duk da haka ya ajiye sunansa gefe ya zauna gaban dattijon a matsayin almajiri. Hukumar UNESCO ce ta ɗauki nauyin zaman. Daga baya Bukar Tar ya danƙa masa biram ɗinsa, shi kuma ya kai shi manyan dandalin duniya, har da bikin WOMAD a Ingila a 2008, kafin ya rasu a watan Nuwamba na 2018.

Abin da ya ƙara wa biram kwana abu uku ne: malami guda, ɗalibi guda, da kuɗin da ya ba su damar zama tare ba tare da tunanin cefane ya raba su ba. Na ukun shi ne muka fi sakaci da shi. A ƙasar Hausa muna da makaɗa, muna da mawaƙa, muna da 'yan amshi da sanƙira, amma mutumin da zai ce sana'arsa koyar da kiɗa ce, da ita yake ciyar da iyalinsa, sai an tona kafin a same shi. A ganina lokaci ya yi da za a same shi, a kuma biya shi.

Dalilin rashinsa a da ba ɓoyayye ba ne: ba a bukace shi ba. Kiɗa gado ne, gidan makaɗa kuwa shi ne makarantar. Yaro yana buɗe ido ya ga ana ɗaure fata a kango, ana jan tsarkiya, ana shanya ganga a rana don ta yi murya. Ana fara ba shi ɗaukar kaya. Sai a miƙa masa ƙaramar ganga irin kuntukuru ko kanzagi, wadda aikinta riƙe zango ɗaya ba sauyi, ya yi ta bugawa a bayan manya wata da watanni. In ya kauce, harara ta ishe shi, wani lokacin ma ranƙwashi. Sai kunnensa ya nuna sannan hannunsa zai taɓa babban kalangu. Musa Ɗanƙwairo ta wannan hanyar ya biyo. Ya tashi a hannun mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya yi shekaru a ƙarƙashin wansa Abdu Kurna yana riƙe da muƙamin Daudun Kiɗi, kafin ya ja tasa ƙungiyar. Wanda bai gada ba kuma, wato ɗan haye, yakan je ya yi barance a gidan wani gwani. Ba a yanka masa kuɗin makaranta. Yana biya da hidima: noma gonar maigida, aike, rakiya wurin biki. Idan an dawo aka raba abin da aka samu, a ba shi ɗan kasonsa.

Wannan tsari ya fitar da gwanaye, kuma ya kamata a faɗi dalilin da ya sa. Kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, ya sassauta sauti ya sauka, da haka yake bin hawa da saukar muryar Bahaushe da tsawon gaɓoɓin kalma, har mai take ya ji an kira shi daga nesa ya miƙe. Wanda zai koyi wannan dole ya ji taken da baki tukuna, ya san ma'anarsa, ya san na wane ne da lokacin da ake kaɗa shi. Kiɗan mahauta daban, na 'yan dambe daban, na manoma daban. Goge kuma ba shi da alama a jikinsa da za ta nuna wa yatsa inda zai sauka. Tsarkiyarsa izgar doki ce, abin gogawar ma izga ce da ake shafa wa ƙaro, kuma yatsu taɓa tsarkiyar kawai suke yi a sarari, kunne ne ke cewa nan ne ko ba nan ba. Mai busa algaita sai ya koyi tara iska a kumatu yana turawa yayin da yake shaƙar wata ta hanci, don kada sautin ya yanke. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke shiga jiki ta hanyar bayani kawai. Sai an yi kuskure a gaban wanda ya sani, ya tsayar da kai a daidai wurin, yau da gobe.

Matsalar ita ce gidan da ke ɗauke da wannan makarantar yana rushewa. 'Ya'yan makaɗa suna boko, wanda abu ne mai kyau, amma sa'o'in da da ake yi a bayan uba yanzu a aji ake yin su. Wasu iyayen da kansu ke hana 'ya'yansu gadon, saboda kallon maroƙi da ake yi wa makaɗi, da kuma saɓanin malaman addini a kan kiɗa, wanda magana ce da kowane gida ke yanke wa kansa hukunci a kai. Sannan kasuwa ta juya. Tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da situdiyo irin ta Iyan-Tama a Kano suka shigo da fiyanon Yamaha cikin waƙoƙin fim, mutum ɗaya da na'ura ɗaya ke fitar da abin da da sai an tara mutum biyar ko shida. Mai biki ya ga sauƙi. Mai kalangu ya ga kiransa ya ragu, kuma wanda ba ya zuwa biki ba shi da inda zai kai yaro ya koya.

Masu fiyanon su ma, yawancinsu, ta hanyar barance suka koya. Yaro yana zama a kusurwar situdiyo, yana sayo ruwa da fetur ɗin janareta, yana kallon yatsun oga, dare ya yi a bar masa na'urar ya gwada. Da yawa suna da kunne mai kaifi ƙwarai. Sai dai wanda ya koya da leƙe yakan tsaya inda ogansa ya tsaya, shi ya sa za ka saurari waƙoƙi goma ka ji kamar hannu ɗaya ne ya kaɗa su.

A wasu wuraren an daɗe da mayar da zaman malami da ɗalibi sana'a mai tsari. A Landan akwai hukumar jarrabawar kiɗa ta ABRSM, wadda aka kafa a 1889, tana kuma gudanar da jarrabawa a ƙasashe da dama. Ta raba koyon kowane abin kiɗa zuwa matakai takwas. A jarrabawar da aka saba, ɗalibi yana kaɗa waƙoƙi uku da ya shirya, ya yi hawa da saukar sautuka a jere, a ba shi rubutaccen kiɗan da bai taɓa gani ba ya karanta nan take, sannan a gwada kunnensa. Kafin ya shiga mataki na shida sai ya ci mataki na biyar a ilimin ƙa'idojin kiɗa ko makamancinsa. Bayan na takwas akwai difloma, har da ta koyarwa. Amfanin wannan ga malami mai zaman kansa a fili yake. Uban yaro da bai san komai game da fiyano ba yana da abin da zai auna aikin malami da shi, malamin kuma yana da tsani da zai ɗora ɗalibi a kai shekara bayan shekara.

A Nijeriya, Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961. A Legas kuma ƙungiyar MUSON, wadda su Akintola Williams suka kafa a 1983, tana da makaranta a Onikan da ke ba da difloma ta shekara biyu, da tallafin gidauniyar MTN tun 2006. Waɗanda ke fitowa daga irin waɗannan wurare kaɗan ne ke rayuwa da hawa dandali kaɗai. Mafi yawa koyarwa ce ke riƙe su. A Jos da Kaduna da Sabon Garin Kano ma akwai masu wannan aiki, galibinsu a coci suka fara taɓa fiyano ko jita, wasu kuma tsofaffin 'yan badujala ne na soja ko 'yan sanda.

Rayuwar irin wannan malami ba ta da sauƙi, kuma duk mai sha'awar shiga ya kamata ya san haka tun farko. Darasi yakan ɗauki rabin awa zuwa awa ɗaya, sau ɗaya ko biyu a mako, a gidan ɗalibi ko a ɗakin malamin. Yara ba sa samuwa sai bayan an tashi makaranta da ƙarshen mako, don haka duk abincinsa a cikin 'yan sa'o'in yamma yake. In an yi hutu iyalai suka yi tafiya, kuɗi ya tsaya. In yaro ya yi zazzaɓi aka soke darasi bayan malam ya riga ya biya kuɗin mota, asara ce, sai fa in tun farko an yi yarjejeniyar biyan wata gaba ɗaya. Ba fansho, ba hutun rashin lafiya. Shi ya sa kusan kowannensu ke haɗa aiki uku ko huɗu: koyarwa a makarantar kuɗi da safe, darasin gida da yamma, situdiyo da dare, biki ranar Asabar. Tallarsa bakin iyaye ne, uwa ta gaya wa uwa. Amana ita ce jarinsa, kuma malamin kirki da kansa zai nemi a yi darasi a falo, ƙofa a buɗe, babba yana kusa. Koyarwa ta waya ta buɗe wa wasu ƙofar samun ɗalibai a ƙasashen waje, amma jinkirin da sauti ke yi a intanet yana hana malami da ɗalibi su kaɗa tare a lokaci ɗaya, kuma ba ka iya miƙa hannu ta cikin waya ka gyara wa yaro kafaɗa.

Nan ne maganar ta fi muhimmanci a wurina. Iya kiɗa daban, iya koyar da shi daban. Gwani da yawa ya manta yadda ya koya, abin ya zame masa kamar tafiya, in ka tambaye shi yadda yake yi sai ya sake kaɗawa da sauri ya ce maka ga shi nan. Malami shi ne wanda zai iya warware abu guda zuwa gutsure biyar, ya san wanne ke zuwa kafin wanne, ya gane cewa kuskuren da ake ji a yatsa daga riƙon wuyan hannu ya taso. Ya san yaro ɗan shekara bakwai ba zai zauna awa guda ba, ya san magidancin da ya zo koyo bayan ya tashi aiki kunyar kuskure ce babbar matsalarsa. Shin'ichi Suzuki na Japan, wanda ya rasu a 1998, ya gina hanyarsa ta koyar da gogen Turawa a kan lura da yadda yaro ke koyon harshen uwa: ya ji tukuna, ya maimaita, karatu ya biyo baya, uwa ko uba kuma su zauna a darasin don su ci gaba da shi a gida. Duk wanda ya san gidan makaɗan Hausa zai ga cewa rabin wannan mun daɗe muna yi. Bambancin shi ne Suzuki ya tsara nasa, ya horar da malaman da za su horar da wasu, har ya zama ana iya koyo ko da mutum bai fito daga gidan kiɗa ba.

Ba ina cewa a ɗauko matakai takwas na Landan a ɗora wa kukuma ba. Jarrabawar da ba ta san take ba, ba ta san kirari ba, ba za ta iya auna mai kalangu ba. Kuma ina tsoron kiɗan da aka raba shi da biki da fada da filin dambe aka kulle a aji, don yakan fito da tsabta amma ba gishiri. Abin da nake so a ara shi ne ra'ayin cewa lokacin malami abu ne mai daraja da ake biya. Nijar ta gwada wani abu makamancin haka da cibiyar horar da makaɗa ta CFPM Taya da aka buɗe a Yamai a 1989, inda Malam Barka ya yi aiki, inda kuma kayan kiɗan gargajiya suka samu wuri tare da na zamani.

A arewacin Nijeriya masana sun yi aiki babba wajen adana tarihi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta rayuwar makaɗa da mawaƙa da dama, ɗalibai kuma suna ta nazarin waƙoƙin Narambaɗa da Shata da Ɗan Maraya Jos. Sai dai yawancin nazarin a kan baitoci yake tsayawa. Hannun da ya kaɗa kotso a bayan Narambaɗa, da waɗanda suka riƙe wa Shata kalangu shekara da shekaru, ba a cika tambayar wa ya koya musu ba, balle wa suka koya wa. Garba Supa da Hassan Wayam sun tafi da kukumarsu, Haruna Uji da gurminsa. Faifansu yana nan, amma faifai ba ya gyara wa ɗalibi riƙo.

Abin da za a iya yi bai fi ƙarfin kowa ba. Sassan Hausa da na wasan kwaikwayo a jami'o'i da kwalejojin ilimi za su iya ɗaukar gwanin goge ko algaita a matsayin malamin wucin gadi, a biya shi kamar yadda ake biyan kowane malami, ba tare da an tambaye shi takardar digiri ba. Hukumomin tarihi da al'adu na jihohi, waɗanda dama suna da makaɗa a cikin ma'aikatansu, za su iya ware musu yamma biyu a mako don koyar da duk yaron da iyayensa suka amince. Masarautu, da su ne iyayen gidan masu kakaki da tambari, za su iya ɗaura wa kowane Sarkin Makaɗa almajiri biyu da ɗan alawus. Kuma duk inda za a fara, a haɗa da mai ƙera kayan, domin ɗalibin goge yana bukatar nasa gogen da zai tafi da shi gida, kuma masu iya zaɓen ƙwarya da jeme fatar guza su ɗaura ta yadda za ta yi murya su ma sun fara ƙaranci a kasuwanninmu.